Kacici-kacicin ƙwallo: inda tambaya ke karkacewa har majalisa ta kaure da gardama

A Garwa da Marwa da Ngaundere, har Kusuri da tsallaken gada a Njamena, da wuya a tashi daga zaman shayin dare ba a taɓa zancen ƙwallo ba. Daga hira ake zarcewa gasa. Wani ya rubuto tambayoyi a littafi, a raba samari ƙungiya-ƙungiya, a ajiye ɗan abin da za a ci, katin waya ko kwalin shayi da sukari. Yawancin irin wannan zama kuwa da hayaniya yake watsewa, kuma in an bi diddigi sau da yawa masu amsa ba su da laifi. Mai tambaya ne ya zo da tambaya mai baki biyu, ya rubuta amsa ɗaya a takardarsa, ya kafe a kanta.

Ga yadda abin ke faruwa. Alƙalin gasa ya ɗaga takarda ya karanta: "Wace shekara Kamaru ta karɓi baƙuncin CAN, gasar kofin Afirka, karo na biyu?" Ƙungiya ɗaya ta rubuta 2021, ɗaya ta rubuta 2022. Ya ba ta farko maki. Sai wani ya miƙe daga bayan tabarma: "Haba Malam! Da idona na kalli Najeriya da Masar a filin Rumde Ajiya na Garwa, cikin sanyin Janairun 2022." Alƙali ya ce: "Yaya, yi haƙuri ka zauna, a jikin tambarin gasar 2021 aka rubuta." Kowannensu yana da gaskiya, shi ya sa ba mai saukowa.

Asalin ruɗanin yana da tsawo. Da farko gasar 2019 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba Kamaru, sannan ta karɓe a ƙarshen Nuwamban 2018 saboda ayyuka ba su kammala ba, ta miƙa wa Masar. Aka mai da Kamaru 2021. Aka janye gasar daga tsakiyar shekara zuwa Janairu don a kauce wa damina, sai korona ta zo ta sake tura ta gaba da shekara guda. An buga ta daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairun 2022, amma sunan bai canza ba. Haka ta Kwaddibuwa: sunanta 2023, an buga ta a farkon 2024. Mai lissafin "duk bayan shekara biyu" shi ma zai faɗa rami, domin an yi gasa a 2012 aka sake yi a 2013, lokacin da CAF ta koma shekarun mara don kada ta riƙa haɗuwa da kofin duniya a shekara ɗaya. Gyaran ba wuya: a ce "a wace shekara aka buga wasannin", ko kuma "wace shekara ce a sunan gasar". Kalma biyu da aka ƙara sun kashe gardamar rabin sa'a.

Tarkon "na farko"

Babu kalmar da ta fi "farko" haddasa rigima, don kusan kowane "farko" a ƙwallo yana da matakai, kuma kowane mataki da mai shi. A ɗauki Afirka a kofin duniya. Ƙasar da ta fara buga gasar Masar ce, a 1934. Wadda ta fara cin wasa Tunisiya ce, a 1978, da ta doke Meziko 3-1. Wadda ta fara fitowa daga rukuni Maroko ce, a 1986. Wadda ta fara kai wa zagayen 'yan takwas Kamaru ce, a 1990. Wadda ta fara kai wa na kusa da ƙarshe Maroko ce kuma, a 2022. Wanda ya tambayi "ƙasar Afirka ta farko da ta yi abin a zo a gani a kofin duniya" ya buɗe ƙofa biyar a lokaci guda, kuma a Garwa kowa Kamaru zai rubuta ko da ba ita alƙali ke nufi ba.

Zancen Birazil ma haka yake. Ranar 2 ga Disamban 2022 a filin Lusail na Katar, Vincent Aboubakar na Kamaru ya sa kai ya ci Birazil a ƙarin mintunan ƙarshe, ya tuɓe riga yana murna, alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi na biyu ya fita. Wannan ne karon farko da wata ƙasar Afirka ta doke Birazil a kofin duniya. In aka cire "a kofin duniya" tambaya ta lalace, domin Kamaru ta riga ta ci Birazil 1-0 a gasar zakarun nahiyoyi ta 2003 a Faransa, Samuel Eto'o ne ya ci. Kafin nan ma 'yan ƙasa da shekara 23 na Kamaru sun fitar da ita a wasannin Olamfik na Sidni a 2000, na Najeriya kuma sun yi mata 4-3 a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996. Tunda an taɓo Olamfik: zinaren ƙwallo na farko ga Afirka na Najeriya ne a 1996, na Kamaru ya biyo baya a 2000 bayan 2-2 da Sifaniya da bugun fenariti 5-3, amma lambar yabo ta farko a ƙwallo tagullar Gana ce a 1992. Lambar Olamfik ta farko ga Kamaru kuwa ba ta da alaƙa da ƙwallo, azurfar dambe ce da Joseph Bessala ya ciyo a 1968.

Roger Milla na Kamaru shi ne wanda aka fi yi wa tambaya a karkace. Ranar 28 ga Yunin 1994 ya ci Rasha yana da shekara 42, ya zama mafi tsufan wanda ya taɓa zura ƙwallo a kofin duniya, kuma har aka gama gasar 2022 ba wanda ya karɓe wannan. Amma mafi tsufan wanda ya taɓa *buga* wasa a gasar ba shi ba ne yanzu. Golan Kolombiya Faryd Mondragón ya wuce shi a 2014 yana da 43, sannan golan Masar Essam El-Hadary ya wuce su duka a 2018 yana da 45. Ci da bugawa, bambancin kalma ɗaya ne, amsar kuma ta tashi daga Yawunde ta koma Alƙahira. A wancan wasan da Rasha, wanda Kamaru ta sha 6-1, Oleg Salenko ya ci biyar shi kaɗai, don haka wasa ɗaya ya haifar da tarihi biyu, kuma duka biyun tambayoyi ne masu kyau in an ware su.

Ƙidaya

Kamaru ta ɗauki kofin Afirka a 1984 da 1988 da 2000 da 2002 da 2017. Wannan kowa ya haddace. Inda ake tuntuɓe shi ne kalmar "doke". Sau uku Kamaru ta ɗauki kofi a kan Najeriya: 3-1 a Abijan a 1984, 1-0 a Kasabalanka a 1988 da fenaritin Emmanuel Kundé, sai Legas a 2000. Na Legas ɗin 2-2 aka tashi, Eto'o da Patrick Mboma suka ci wa Kamaru, Raphael Chukwu da Jay-Jay Okocha suka rama, aka je bugun fenariti Kamaru ta yi 4-3. A littafin ƙididdiga kunnen doki ake rubuta wasan da aka raba da fenariti. Saboda haka "sau nawa ta ɗauki kofi a hannun Najeriya" amsarsa uku, "sau nawa ta ci ta cikin wasa a ƙarshen gasa" amsarsa biyu. In akwai 'yan Mubi ko Yola a majalisar, a shirya jin labarin bugun Victor Ikpeba da ya daki sandar sama ya faɗa bayan layi alƙali ya ce ba ci ba. Hoton talabijin ya goyi bayansu, amma sakamakon da aka rubuta shi ake tambaya.

Ƙa'idar da ke bayan wannan ita ce ƙwallon da aka ci a bugun raba gardama ba ta shiga lissafin ɗan wasa, wadda aka ci da fenariti a cikin wasa kuwa tana shiga. Aboubakar ya gama gasar da aka yi a gida da ƙwallo takwas, biyu daga ciki fenariti ne a wasan buɗewa da Burkina Faso, kuma an ƙirga su. A wasan kusa da na ƙarshe da Masar aka tashi babu ci, aka je fenariti, shi kaɗai ya zura cikin 'yan Kamaru huɗu da suka buga, Masar ta wuce 3-1. Mai son zuciya zai haɗa da wannan ya ce tara, ya daidaita shi da Ndaye Mulamba na Zayar da ya ci tara a 1974. Ba a haɗawa. Mulamba ma da nasa sirrin: wasan ƙarshen 1974 da Zambiya sau biyu aka buga shi, 2-2 sannan 2-0, kuma duk ƙwallo huɗun Zayar shi ya ci, wato ya samu ƙarin wasa guda da ba a yi yanzu. Mafi yawan ƙwallo a gasa ɗaya na Mulamba ne, mafi yawa a tarihin gasar gaba ɗaya na Eto'o ne, 18.

Akwai kuma bambancin ɗaukar kofi da mallakar kofi. A da, ƙasar da ta ci kofin Afirka sau uku takan riƙe shi har abada a ƙera sabo. Gana ta mallaki na farko a 1978. Na biyu ya fara yawo a 1980, kuma a wasan Legas na 2000 duk wadda ta ci a cikin biyun ita za ta tafi da shi, don Najeriya na da 1980 da 1994, Kamaru na da 1984 da 1988. Kamaru ta tafi da shi, sannan ta zama ta farko da ta ɗaga na uku a Bamako a 2002, gasar da ta gama ba a zura mata ko ɗaya ba cikin wasa.

Tambayar da amsarta ke tafiya ita ma matsala ce. "Sau nawa Coton Sport ta Garwa ta ɗauki kofin lig na Kamaru?" tana iya zama daidai bana ta zama kuskure baɗi, ga shi littafin tambayoyi yakan yi shekaru yana yawo daga hannu zuwa hannu. Ko dai a ɗaure ta da shekara, ko a juya ta zuwa abin da ba ya motsi: an kafa ƙungiyar a 1986, ta fara ɗaukar lig a 1997. Haka "sau nawa Kamaru ta je kofin duniya": a ce "zuwa 2022", amsa takwas, wato 1982, 1990, 1994, 1998, 2002, 2010, 2014 da 2022.

Gasar 1982 da ta 1990 suna ba da tambayoyi masu daɗi saboda lissafinsu ya saɓa wa hankali. A 1982 ba wanda ya ci Kamaru amma ta dawo gida daga rukuni: babu ci da Peru, babu ci da Folan, 1-1 da Italiya. Ita da Italiya maki uku-uku, bambancin ƙwallonsu ma iri ɗaya, sai aka duba yawan abin da kowa ya zura, Italiya biyu, Kamaru ɗaya. Italiyar ce ta je ta ɗauki kofin. A 1990 kuwa Kamaru ta zo ta ɗaya a rukuni alhali an zura mata biyar ita ta zura uku, don bayan ta ci Ajantina 1-0 da Romaniya 2-1, Tarayyar Sobiyet ta yi mata huɗu da nema. Mai tambayar maki ya tuna cewa a lokacin maki biyu ake ba wanda ya ci wasa, sai a 1994 aka koma uku a kofin duniya. Yaron da ya lissafa da tsarin yau zai ce shida, amsar kuwa huɗu ce.

Rigar da ta jawo tara

Labarin riguna biyu ne, kuma mutane sukan cakuɗa su. Ta farko marar hannu ce, kamar singileti, da kamfanin Puma ya ɗinka, aka ci kofin 2002 a Mali da ita. CAF ba ta hana ba. Da za a je kofin duniya na Koriya da Japan a wannan shekarar FIFA ta ce ba za a sa ba, har da dalilin cewa a hannun riga ake liƙa tambarin gasa, sai aka ɗinka mata baƙaƙen hannuwa. Ba a ci tara a kan wannan ba. Ta biyu ita ce ta 2004 a Tunisiya, riga da gajeren wando a haɗe abu ɗaya. FIFA ta kafa hujja da doka ta huɗu ta ƙwallo, wadda ta lissafa riga daban wando daban, ta yi gargaɗi, Kamaru ta sake sa ta a zagayen 'yan takwas inda Najeriya ta fitar da ita 2-1. Hukuncin ya zo da tarar kuɗin Suwizalan faran 200,000 da zabge maki shida daga wasannin neman zuwa kofin duniya na 2006.

A nan ne kuskuren da ya fi yawo yake. Da yawa sun ɗauka waɗannan maki shida ne suka hana Kamaru zuwa Jamus. An mayar mata da makin tun a watan Mayun 2004, a babban taron FIFA na Faris, kafin a fara wasannin rukunin. Abin da ya hana ta shi ne ranar 8 ga Oktoban 2005 a Yawunde: ana 1-1 da Masar aka samu fenariti a mintunan ƙarshe, Pierre Womé ya buga ta daki turke, Kwaddibuwa ta wuce da tazarar maki ɗaya duk da Kamaru ta ci ta gida da waje. Tambaya a kan riga tana buƙatar shekara ko siffar rigar, in ba haka ba rabin majalisa na Mali rabi na Tunisiya.

Kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka ita ma gida biyu ce. Mujallar France Football ta riƙa bayarwa daga 1970 zuwa 1994, CAF ta fara tata a 1992, don haka akwai shekarun da aka yi gwarzo biyu. A 1993 mujallar ta zaɓi Abedi Pele, CAF ta zaɓi Rashidi Yekini. A 1994 mujallar ta ba George Weah, CAF ta ba Emmanuel Amunike. Na Milla a 1976 da 1990, da na Thomas N'Kono a 1979 da 1982, duk na mujallar ne. Na Eto'o guda huɗu, 2003, 2004, 2005 da 2010, na CAF ne, kuma Yaya Touré ya kamo shi da huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014, saboda haka "wa ya fi kowa" mutum biyu ne.

Suna ɗaya, mutum biyu

"Biyik" ba amsa ba ce. A wasan Ajantina na 8 ga Yunin 1990 a Milan, François Omam-Biyik ne ya ci da ka, ɗan'uwansa André Kana-Biyik kuma jan kati ya samu 'yan mintuna kafin nan, Benjamin Massing ya bi shi daga baya, aka ƙare da mutum tara. "Song" ma ba amsa ba ce: Rigobert ya sha jan kati a kofin duniya sau biyu, da Birazil a 1994 yana ɗan shekara 17 da kuma Cile a 1998, Alexandre kuma ya sha nasa a 2014 da ya kai wa Mario Mandžukić na Kuroshiya gwiwar hannu a baya. "Kwango" ƙasa biyu ce: ta Barazabil ce ta ɗauki kofin 1972 a Yawunde, ta Kinshasa ce ta ɗauki na 1968 da na 1974.

Tambayar da aka gina a kan tafiyar ɗan wasa ta fi kowace yaudarar mai rubuta ta, don yana tuna mutum ɗaya ya manta wasu sun bi hanyar. "Wane shahararre ne ya buga wa Tonnerre ta Yawunde sannan ya buga wa Monaco?" Mai tambaya Weah yake nufi, wanda ya tashi daga Tonnerre zuwa Monaco a 1988. Ɗan Njamena zai rubuta Japhet N'Doram, kuma ya yi daidai: daga Tonnerre ya tafi Nantes, ya ɗauki lig ɗin Faransa da ita a 1995, ya ƙarasa Monaco. Dattijon da ke gefe zai ce Milla, shi ma ya yi daidai. Haka "ɗan Kamarun da ya fara wasan Faransa a Valenciennes": Milla ne a ƙarshen shekarun 1970, Aboubakar ne a 2010 da ya bar Coton Sport. Sai an ƙara ƙasa ko shekara tambayar ke tsayawa da ƙafa ɗaya.

Tambayoyin gida su suka fi ɗaga murya, don kowa na ganin shi shaida ne. Rukunin D na gasar da aka buga a 2022 shi aka ajiye a Garwa: Najeriya, Masar, Sudan da Gini Bisau. Amma ba duk wasanninsa shida aka yi a Rumde Ajiya ba. Wasannin ƙarshe na kowane rukuni lokaci ɗaya ake buga su don kada wasu su haɗa baki, dokar da ta samo asali daga abin da Jamus ta Yamma da Ostiriya suka yi wa Aljeriya a 1982, kuma fili ɗaya ba ya ɗaukar wasa biyu a sa'a ɗaya. Sai aka kai Masar da Sudan Yawunde, aka kawo wa Garwa Gana da Komoros daga rukunin C, inda Komoros ta ci 3-2. In aka haɗa da wasan da Tunisiya ta fitar da Najeriya 1-0, da wanda Burkina Faso ta fitar da Tunisiya 1-0, wasa takwas ke nan, kuma babu na Kamaru ko ɗaya a ciki. Coton Sport kuma sau biyu ta kai wasan ƙarshe a Afirka, gasa biyu daban: kofin CAF na 2003 da Raja ta Kasabalanka, da kofin zakarun 2008 da Al Ahly, wadda ta ci 2-0 a Alƙahira aka yi 2-2 a Garwa. Kofin CAF ɗin nan an rushe shi, a 2004 aka haɗe shi da kofin masu kofi aka samar da na Confédération, don haka kada a musanya sunayen. Issa Hayatou, haifaffen Garwa, ya shugabanci CAF daga 1988 zuwa 2017. FIFA kuwa riƙon ƙwarya ya yi mata daga Oktoban 2015 zuwa Fabrairun 2016, ba zaɓensa aka yi ba, kuma kalmar "riƙo" dole ta fito a tambayar.

Wani abu da ya kamata a faɗa ko da ba na lissafi ba ne: rasuwar ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé a fili a Liyon a 2003, da turmutsitsin ƙofar filin Olembe na Yawunde a gasar da aka buga a 2022, ba kayan neman maki ba ne. A bar su a wajen gasa.

In an gaji da ƙwallo aka shiga waƙa da fim, tarkon bai canza ba. Waƙar hukuma ta kofin duniya na 2010 ita ce ta Shakira, wadda aka ɗauko amshinta daga Zangalewa ta ƙungiyar Golden Sounds ta Kamaru, ta 1986. Ta K'naan da mutane da yawa ke rubutawa ta tallan Coca-Cola ce. Soul Makossa ta Manu Dibango a bayan faifan waƙar gasar kofin Afirka ta 1972 ta fito, ba ita ce waƙar gasar ba. Mahamat-Saleh Haroun na Cadi ya samu kyauta a bikin fina-finan Cannes a 2010, amma ta alƙalai ce, ba babbar kyautar bikin ba. "Fim ɗin Hausa na farko" kuma sai an ce na bidiyo ko na sinima: Turmin Danya na 1990 ake ƙirgawa farkon na bidiyo a Kano, alhali an yi Shaihu Umar na sinima tun 1976.

Yadda ake tsara zaman

Tambaya arba'in ta isa dare ɗaya, zagaye huɗu goma-goma, ƙungiya shida zuwa takwas, kowace mutum huɗu. In suka wuce huɗu, biyu ne ke tunani sauran na hira. A karanta tambaya sau biyu, a ba da daƙiƙa talatin. Da karatu da jira kowace tambaya na cin kusan minti ɗaya, duba takardu na cin kamar minti goma a kowane zagaye, jimla sa'a ɗaya da minti ashirin, wato in an fara bayan Isha'i za a gama kafin mutane su fara zamewa. A cikin kowace goma a sa uku masu sauƙi, biyar matsakaita, biyu masu tsauri. In duk suka yi tsauri ƙungiyoyin baya za su watse tun zagaye na biyu, in duk suka yi sauƙi za a ƙare da ƙungiya huɗu maki ɗaya.

A rubuce ake amsawa. Amsar baki mai ƙarfin murya take ba nasara, kuma da zarar ɗaya ya faɗa sauran sun ji. Shekaru da sakamako a rubuta su da lamba, don wanda ya yi boko da Faransanci da wanda ya saba da rediyon Hausa ba sa furta 1990 iri ɗaya, kuma a Faransanci tamanin da casa'in farkonsu ɗaya ne a kunne. Wayoyi a tara su a faranti ɗaya gaban alƙali kafin a fara. A ƙarshen zagaye kowace ƙungiya ta miƙa takardarta ga ta kusa da ita a duba, amma da biro mai wani launi, in ba haka ba za a ga amsa ta gyaru a hanya.

Babban aikin tun kafin ranar ake yin sa, kuma na mutum biyu ne. Ɗaya ya rubuta tambaya, ɗayan aikinsa kawai ya nemo mata amsa ta biyu. In ya samo, a gyara ko a jefar. Kowace amsa a tabbatar da ita a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Saƙon WhatsApp da shafin Facebook da ya ɗauko daga wannan saƙon wuri ɗaya ne. A takardar alƙali a rubuta abin da za a karɓa da abin da ba za a karɓa ba: Masar ko Egypte duka daidai, Habasha ko Ethiopie duka daidai, kuskuren harafi a sunan Bature ba ya kashe amsa in an gane wanda ake nufi, amma "Song" ko "Biyik" tsurarsa ba maki.

Ƙorafi sai a ƙarshen zagaye, kuma kyaftin kaɗai ke magana. In ta tabbata tambaya baki biyu gare ta, hanya biyu ce: a ba duk wanda ya kawo ɗaya daga amsoshin maki, ko a soke ta ga kowa a ɗauko wata. Wace za a bi, a faɗa tun kafin a fara, don in aka bari sai rigima ta tashi, duk wadda alƙali ya zaɓa za a ce ya duba wa take amfana. Saboda haka a riƙe tambaya biyar a ajiye.

In aka yi kunnen doki a ƙarshe, kada a ci gaba da jefa tambayoyi har wani ya faɗi, don nan ne alƙali ke fara ƙirƙiro su da ka, waɗanda ba wanda ya tantance. A tanadi tambayar lamba guda ɗaya, kowane kyaftin ya rubuta nasa a ɓoye, wanda ya fi kusa ya ci. Misali, a minti na nawa Aboubakar ya ci Masar a wasan ƙarshe na 2017 a Libarabil: 88. Ko kwana nawa Milla ya ɗora a kan shekara 42 ranar da ya ci Rasha: 39. In ɗaya ya rubuta 35 ɗaya ya rubuta 43, tazararsu ɗaya ce, don haka a ce tun farko wanda bai zarce ba shi ke da kwalin shayin.